Bokitin da Ke Ƙofar Shagona

Kullum da safe sai na ji ɗayanku yana ƙunƙuni idan na ce a cika bokitin nan na bakin ƙofa kafin a taɓa kilifa. Wai cuta ta wuce, wai mu kaɗai muka rage da bokiti a layin nan kamar masu sayar da kunu. To, yau babu wuta, janareto kuma yana wajen mai gyara, sai ku jawo benci ku zauna. Kai, ajiye wayar nan tukuna. Zan gaya muku dalilin bokitin, amma sai kun fara jin yadda aka yi na zo nan, domin ku a ganinku aski ba komai ba ne illa a kunna kilifa a bi kan mutum kamar ana yankan ciyawa.

Kan farko da na taɓa askewa a duniya na maigidana ne. A Uke na koyi aiki, wajen ƙanin mahaifiyata, Kawu Jibo wanzami, da yake zama a gindin mangwaro a bakin titi, da tabarmarsa da zabirarsa, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba asake a ciki. Na daɗe tare da shi ban taɓa kan kowa ba. Aikina in wasa aska a dutse, in goge ta a fata, in kaɗa kumfar sabulu, in cika tulun da ke gefensa. Tulun nan kuwa bai taɓa barin ya bushe ba. Duk wanda ya zo wucewa, ko ya yi aski ko bai yi ba, zai sha, zai yi alwala, ya kama gabansa. Ni a lokacin haushi nake ji, tunda ni ne mai zuwa rijiya.

Rannan da hantsi, ranar kasuwa ce ma, mutane cike, sai kawai ya cire hularsa ya zauna a kan tabarma ya miƙo min aska. Ya ce, "Haladu, bismillah. In ka yanke ni, gobe duk Uke za su san aikinka." Na karɓa, idona na kan askar. Ya ce in bar kallon askar, in kula da hannun hagu. Shi ne ke jan fata ta miƙe, shi ne ke fara jin ƙurji ko tsohon tabo kafin ƙarfe ya isa wurin. Na gama babu jini ko ɗigo, ina ta jin kaina. Ya shafa kansa da tafin hannu, ya kamo yatsana ya ɗora a ƙeyarsa, inda na bar wani ɗan tsibiri na gashi. Har yau ba na sallamar mutum sai na shafa masa ƙeya, kun sha gani kuna dariya.

Da na shigo Abuja na kama shagon nan a bayan Kasuwar Wuse, sai na tarar aska ta zama ta gyaran baki da gemu kawai, kilifa ce ke mulki. Ita ma ba kamar yadda kuke ɗaukarta ba ce. In bakinta bai zauna daidai ba za ta ciji mutum a bayan kunne, ya tafi bai ce maka uffan ba, kuma ba za ka ƙara ganinsa ba. Tana son mai, tana son buroshi bayan kowane kai, tana son a zuba mata sifirit a kunna mata wuta ta ƙone a gaban mai aski, ya gani da idonsa. Ku kuna yin wannan ne kawai idan ina kallo, na sani.

Akwai Alhaji Mansur, darakta a wata ma'aikatar tarayya, wanda na fara yi wa aski tun yana ƙaramin ma'aikaci yana zuwa a tasi. Sanƙo ya fara cin tsakiyar kansa, shi kuma bai yarda ba. Aikina in rage gefe, in bar na gaba da ɗan tsayi, in kwantar da shi baya ya rufe wurin, kuma kada in kuskura in ɗaga ƙaramin madubi ta sama. Shekara da shekaru muna haka, ni ban faɗa ba, shi bai tambaya ba. Sai kuma direbobin tasi mai kore da fari da ke ajiye motoci a filin nan na gabanmu. Su ba ruwansu da salo, a kwashe duka da sauri kafin layi ya zo kansu. Shugabansu Ɗan'azumi, wanda kowa ke kira Ciyaman, yakan yi barci a kujerata da zarar kilifa ta fara ƙara, sai na riƙe masa haɓa.

Haka muke har shekarar korona. Aka wayi gari aka ce dokar kulle, kowa ya zauna a gida. Na ja ƙofar nan na rufe ina cewa mako ɗaya ne ko biyu. Ashe ba haka ba ne. Ina zaune a Mpape, can saman tudu, ni da maiɗakina Hajara da yara, muna kallon juna. Masu fasa dutse da leburori da muke zaune da su duk an sallame su, kowa gashi ya cika masa kai, amma babu mai abin da zai bayar. Na ciro tsohuwar askar Kawu ina bin lungu ina yi wa maƙwabta a bayan ɗaki, wannan ya ba ni gari a leda, wancan ya ce Allah ya saka. Girki ya koma sau ɗaya a rana. Da abin ya yi nisa, na ce wa Hajara ta fara haɗa kaya, idan shago bai buɗu ba mu koma Uke in nemi gona. Ni da rabona da fartanya tun ina saurayi! Ba ta yi musu ba. Ta ɗaure manyan tukwanenta a buhu ta jingine a bayan ƙofa, kullum in zan fita sai na yi tuntuɓe da shi.

Ana nan sai aka aiko daga ƙaramar hukuma, wai masu ƙananan sana'a su hallara: masu aski, teloli, masu kitso, masu abinci. A filin wata firamare aka tara mu, aka jera kujeru nesa da juna kamar za mu rubuta jarrabawa. Wadda ta yi mana bayani wata ma'aikaciyar duba-gari ce, Madam Rahila, 'yar Filato, gajeriya, amma muryarta ba ta bukatar lasifika. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "ya" ne. Aka ba kowannenmu bokiti mai murfi da famfo a gindi, da roba ta tarar ruwa, da sabulun ruwa, da sanitaiza, da takunkumi. Ba a karɓi ko sisi ba, har muna duba ƙasan bokitin ko akwai wata magana a ɓoye.

Ta ce mu masu aski mu fitar da benci, mutum ɗaya a ciki, saura su jira a waje. A goge kilifa da kujera bayan kowane kai, a canza mayafi. Sannan ta ɗaga bokiti sama ta ce, "Wannan shi ne lasin naku. Kowa zai wanke hannu kafin ya shiga. Duk shago da na zo na buɗe famfo ruwa bai fito ba, zan sa kwaɗo, kuma ba zan buɗe ba sai ciwo ya tafi. Kar wani ya zo yana roƙo, yana min abeg." Muka ce mun ji. Na ɗauko bokitina a ka tun daga can har nan, ina tafe ina murmushi ni kaɗai.

Wanda ya fara zama a kujerar nan bayan an buɗe Alhaji Mansur ne. Da ya cire hula sai da na yi salati. Hajiyarsa ta gwada yi masa da almakashin ɗinki, kan ya zama hawa da gangara, wurin da muke ɓoyewa shekaru ya fito fili. Ga kuma takunkumi, igiyarsa ta bi ta bayan kunne, daidai inda kilifa za ta wuce. Nan na koyi sabon aiki da tsufana: ya dafe takunkumin a hanci da hannunsa, in zare igiyar gefe ɗaya in gyara, in mayar, in zagaya ɗaya gefen. Da na kunna kilifar na ji ƙararta a cikin shagon nan, sai da na ɗan tsaya, don idona ya kawo ruwa. Alhaji ya ce, "Haladu, lafiya?" Na ce sifirit ne ya shiga min ido.

Matsalar ta ɓullo ta inda ban zata ba. Ɗan masallacin da ke gefen tashar direbobin nan an kwashe butocinsa an ɗaure famfon, saboda hannu da yawa ke taɓa su. Direbobi kowa a gefen motarsa yake shimfiɗa darduma. Ran nan da azahar sai ga Ciyaman yana naɗe hannun riga. Ya ce, "Baba Haladu, a taimaka da ɗan ruwa in yi alwala." To, me zan ce? Na ce bismillah. Washegari ya zo da mutum biyu. Kafin mako ya zagayo, da an kira salla sai ka ga layi a ƙofar shagona, kowa ya tsuguna a gaban bokitin hukuma, har da masu cewa famfon nan ya fi buta daɗi. Mai ruwa da ke turo kura da jarkoki yana zuwa da safe, ba ya sake biyowa sai wajen la'asar. Tsakanin azahar da zuwansa, bokitina ƙaf yake.

Na san abin da nake ciki. Na yi ta zagaye-zagaye, ina cewa, "Jama'a, a riƙa tattalawa, ruwan gwamnati ne." Su ce, "Allah ya saka wa gwamnati," su ƙara buɗe famfo. In fito fili in ce wa mutum kada ya yi alwala da ruwana, wannan kam na kasa. Sau nawa ina shirya maganar a bakina tun daga Mpape, in na ga mutum ya tsuguna ya ce bismillah sai ta narke. Ana cikin haka Madam Rahila ta zo layinmu ta rufe shagon telan da ke can gaba, don ya kai wa matarsa bokitin gida tana jiƙa gero a ciki. Da idona na ga an ɗana kwaɗon, tela yana roƙo har da cire hula, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ranar na koma gida na kalli buhun tukwanen Hajara, na ce mata kada ta kwance tukuna.

Ranar da abin ya faru, Alhaji Mansur ne kuma a kujera, gashi ya sake tasowa. An idar da azahar ke nan. Na gama gefen dama ina shirin zagayawa, sai na hango farar motar ƙaramar hukuma a cikin madubi tana tsayawa. Na leƙa ƙofa, ga Ciyaman, wanda ya makara bai samu jam'i ba, ya karkato bokitin da hannu ɗaya, ya tara ƙafa a ƙarƙashin famfo yana tatsar ɗigon ƙarshe. Ƙasa duk ta jiƙe ta yi caɓi. Madam ta sauko, wani dogon ma'aikaci yana biye da ita da kwaɗuna a zare a hannu suna ƙara.

Ta zo ta tsaya. Ciyaman ya saki bokitin ya ja da baya da ƙafa ɗaya a jiƙe. Ta murɗa famfo. Shiru. Ta ɗaga murfi ta leƙa, ta mayar. Ta dubi caɓin, ta dubi direbobin da ke tsaitsaye ruwa bai gama bushewa a gemunsu ba, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Baba, me na gaya maku a makaranta?"

Na ce, "Kin ce in babu ruwa, kwaɗo."

"To ina ruwa?"

"Madam, alwala aka yi da shi."

"Kai ba ka da baki? Me ya sa ba ka hana su ba?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, na gwada, bakina ya ƙi. In rufewa ce ki rufe, doka ce, ban ce kin zalunce ni ba. Amma mutum ya zo zai yi salla in ce masa babu ruwa, alhali ga ruwa yana gani, wannan ba zan iya ba."

Dogon nan har ya fara zaɓen kwaɗo. Ni kuwa ba shagon nake gani ba, motar Uke nake gani, da buhun tukwane a saman ta. Sai Alhaji Mansur ya yi magana daga cikin takunkumi, a hankali, da rabin kai a aske: "Haladu, in rufewar za a yi, don Allah a bari ka ƙarasa wannan gefen."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon bokitin. Can sai ta juya wajen dogon ta ce, "Mu fara da masu kitso na ƙarshen layi. Ba mu zo wannan shago ba tukuna." Ta ɗaga murya yadda har na cikin tasha za su ji: "In na dawo, zan buɗe famfo."

Ba ta yi taku goma ba Ciyaman ya daka tsawa: "Kai jama'a, a buɗe but!" Ku da ba ku taɓa tuƙa tsohuwar mota ba ba ku sani ba, babu direban tasi a garin nan da ba ya ajiye galan na ruwa a bayan mota saboda lagireto. Sai ga but yana ta buɗewa, ga mutane suna gudu da galan-galan, wani da takalmi ɗaya, wani da carbi a wuya. Suka yi ta tuttulawa har bokiti ya cika ya tumbatsa. Ciyaman ya mayar da murfi ya goge shi da hularsa, suka koma jikin motoci suka tsaya kamar ba su san komai ba.

Ta dawo. Ta murɗa famfo, ruwa ya zubo shaa. Ta matsa sabulu ta wanke hannu a nitse, ciki da waje, har tsakanin yatsu, duk muna kallo. Sai ta kai hannun kusa da hanci. Ai galan ɗin nan duk na tsohon baƙin mai ne! Ta ce, "Baba, wannan ruwa naka, mutum zai wanke hannu ne ko zai yi sabis?" Ba wanda ya motsa, sai da muka ga idanunta sun ƙanƙance a saman takunkumi, kafaɗarta tana rawa. Nan fa tasha ta kwashe da dariya, har dogon mai kwaɗuna. Ni kuwa na zauna a bakin dakali ina ta alhamdulillahi.

Ta sa aka zubar da ruwan, aka wanke bokitin da sabulu, aka aika aka nemo mai ruwa. Tana tsaye ta ce min babanta dattijon coci ne a garinsu, yana da shagon hatsi, kuma har ya rasu akwai buta a ƙofar shagon saboda abokan cinikinsa. Ta ce, "Ni ma ba zan iya hana ba. Amma bokiti ɗaya ba zai ɗauki tasha ba, kuma gobe in wani ne ya zo ba ni ba, zai rufe ka." Ta kira Ciyaman ta tsare shi da ido. Ta ce daga yau duk mai alwala sai ya fara wanke hannu da sabulu, kuma a daina cunkushewa a gaban famfo kamar ana rabon shinkafa. Ciyaman da ke ɗaga wa fasinja murya, ranar "to Madam, to Madam" kawai yake.

Ba a daɗe ba ƙaramar hukuma ta kawo babban tanki a kan ƙafafun ƙarfe, irin wanda ake takawa da ƙafa ruwa ya zubo, aka kafa shi a bakin tasha. Madam ce ta kai maganar ofishinsu. Motar ruwa tana zuwa tana cikawa, direbobi suna gadi, kuma babu mai taɓa shi bai ga sabulu ba, don Ciyaman ya ɗauki abin kamar shi ya ƙirƙiro. Tela ma an buɗe masa bayan ya dawo da bokitinsa yana warin tsami. Amma ni tun a waccan ranar ta galan-galan na gama samun abin da nake nema. Na ƙarasa wa Alhaji ɗaya gefen, na shafa masa ƙeya, na rufe shago da kaina da makullina kafin magariba. Da na hau tudun Mpape na shiga gida, ko zama ban yi ba na ce, "Hajara, kwance buhun nan." Ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ƙarar tukwanen nan da take jerawa a kan kantar girki, ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba.

Yanzu cuta ta tafi, benci ya dawo, ga ku a kai. An mayar da butocin masallaci, tankin ma ya yi tsatsa an ɗauke shi. Madam Rahila an canza mata wurin aiki, amma takan kawo mijinta aski lokaci-lokaci, kuma ba ta taɓa shigowa ba ta murɗa famfon nan ta gani ba. Ciyaman kuwa har gobe sai ya wuce famfon masallaci ya zo nan, wai ya saba.

Af, ga shi can ma ya taso, yana naɗe hannun riga. Kai mai waya, tashi ka ɗaga murfin nan ka leƙa. In babu ruwa kai za ka gaya masa, ni dai bakina ba zai iya ba.